Ga Shi Nan Na Haɗo

Rumbu ya cika, in ji na'ura,
da jan rubutu, tun ban aje jakata ba.
Ofishinmu na Bompai, hawa na biyu,
taga na kallon tireloli
masu jiran riɗi da zoɓo daga Dawanau.

Alhaji Sabi'u ba ya son dogon turanci.
Ya ce, Balaraba, kuɗin ajiya zai kamo na dizal?
A rage.
Sai muka zauna ni da akanta, muka yanka doka
kamar masu rabon gado:
takardar kuɗi, shekara bakwai;
kwangila, har sai kotu ta manta da mu;
hoto, shekara biyu;
katin barka da Juma'a mai fure da ƙyalƙyali,
kwana talatin, shi ma don kara.
Saƙo kuwa a ƙyale shi, ba shi da nauyi.
Abin da aka goya masa shi ne kaya.

Na fara shara bayan azahar.
Rasit ɗaya na samu sau goma sha tara,
kowa ya tura wa kowa, kowa ya mayar,
kamar ƙwaryar da ta zaga unguwa
ta dawo ba a san mai ita ba.
Na bar guda, na sallami sauran.
Bidiyon bikin ƙanwar direba, na sallama.
Tallan fili a Rijiyar Zaki, na sallama.
Jan layin ya ja da baya kaɗan,
na miƙe ƙafa, na kurɓi shayin da ya huce.

Sai jeri ya kawo ni kan Malam Tanimu,
mai sikelinmu na Dawanau,
wanda muka yi wa sadakar uku
a daminar da ruwa ya ci gadar garinsu.

Bai taɓa koyon sikana ba.
Da waya yake ɗaukar takardar awo,
a kan buhu, a karkace,
kuma a kowane hoto, can gefen hagu,
ga babban yatsansa ya danne takarda kada iska ta ɗauke.
Farcen ya tsage a tsakiya.
Wata rana da lallen ciwo, wata rana da biro.
Hoto ɗari huɗu da shida.
Lambobin ciki an daɗe da shigar da su littafi,
an biya manoma, jirgi ya tafi, an cinye riɗin a wata ƙasa.
A idon doka, yatsa ba hujja ba ne.

Ni na rubuta dokar.
Ni na ce shekara biyu, da bakina,
har akanta ya ce a yi uku, na ce a'a.

Wuta ta ɗauke, janareto ya yi tari ya kama.
Na'ura ta dawo da tambayarta, ba ta gaji ba:
Kin tabbata?
Daga ƙasa wani ɗan dako yana kiran wani da sunan da ba nasa ba,
ana dariya.
Na danna.

Ba ƙara, ba hayaƙi.
Da takarda ce, da na ji ƙauri a mayafina har gida.

Amma akwai wasu saƙonninsa, bakwai,
da tsintsiyar ta tsallake,
don ranar ya yi mantuwa, bai maƙala komai ba.
Ba su kai nauyin ƙwayar riɗi ba,
saboda haka za su zauna a rumbu
bayan ni, bayan Alhaji, watakila bayan kamfanin.
Na buɗe na ƙarshe, Talata, ƙarfe shida da kwata:

Salam Hajiya, ya aiki.
Ga shi nan na haɗo.

Na duba ƙasan saƙon, na sake dubawa,
kamar yadda na yi a wancan lokacin
kafin in kira shi in yi masa faɗa.