Asuba a Na'ibawa

Ƙarfe huɗu na bar Gyaɗi-Gyaɗi,
ladanin layinmu bai ko gyara murya ba.
Hula biyu a kaina, safa a hannu,
sitiyari kamar daga randa aka tsamo shi.
A baya akwatin allurar shanu,
ƙanƙara goma sha biyu na gadinsa.
A Riruwai ake jirana kafin azahar.

Jif ɗin nan ta girmi ɗana na fari.
Ta hau duwatsu, ta ratsa rafi da damina,
in na sa mata ƙaramar giya
taya huɗunta duk ja suke, ba malalaci.
Sai ga shi a Na'ibawa, a kan kwalta sumul,
ta ce ƙwas!
Wani abu ya hau dukan cikinta
kamar ana kirɓa sakwara ƙarƙashin kujerata.

Na gangara gefe. Na kwanta da fitilar waya a baki.
Ƙasa ta soke ni da sanyi har cikin haƙarƙari.
Furofelar baya ta saki kai guda,
tana reto, ba kunya.

Sallau bakanike ya ɗauka a kira na biyar.
Ya ce, Likita, ko akuya ba ta fito ba.
Na ce, shanu ɗari shida, Sallau.
Ya yi shiru. Ya ce, sa Barau ya ɗora shayi.

Ya iso a babur, naɗe da bargon yara,
Nafi'u a bayansa rungume da buhun safana,
haƙoransa na kaɗawa.
Ba su taɓa motar ba tukuna.
Suka tsuguna gaban murhun Barau mai shayi
suna gasa yatsu ɗaya bayan ɗaya,
don hannun da bai ji kansa ba
ba ya jin noti.

Noti uku suka bi da lalama.
Na huɗu ya kafe.
An zuba masa baƙin mai, an roƙe shi, an zage shi.
Sallau ya aro garwashi a marfin tukunya
ya kara masa, yana hurawa,
sai ga shi ya juyo a hankali
kamar tsohon da aka ba haƙuri.

Kuros ne ya ci kansa.
Abu bai cika tafin hannuna ba,
ga shi ya durƙusar da mota sukutum.

Ƙofar Ruwa ba ta buɗewa sai takwas.
Sallau ya zare furofelar ya jefa a but,
ya ce, sa mata fowil, ƙafafun gaba su ja ta.
Haka muka ratsa gari,
tana jan gindi, 'yan adaidaita na mana hon,
ni kuwa lissafin ƙanƙara nake,
ina tsine wa sanyi a zuci.

Ikenna ya ɗaga ƙofar shagonsa yana hamma.
Na farko da ya miƙo ya yi kaɗan.
Na biyu, Sallau ya jinjina shi, ya shinshina,
ya ce wannan na gwangwani ne, kawo na Baljiyam.
Guduma ta yi magana sau tara.
Nafi'u ya ɗura giris har ya tsatso ta gefe.

Sha ɗaya saura na buɗe akwatin,
gabana na faɗuwa.
Ƙanƙarar na nan daram, ko gumi ba ta yi ba.
Na dubi sama, ban ce komai ba,
na dai janye tsinuwar.

Da na tambayi kuɗin aiki
Sallau ya danƙa min mataccen kuros ɗin tukuna.
Ya ce, ba dutse ne ya karya ta ba, Likita.
Yaushe rabon ka ba ta giris?
Kana yi wa shanun mutane allura,
taka saniyar na kuka ba ka ji.

La'asar sakaliya na isa.
Har yau kuros ɗin na kan dashbod,
yana ƙara duk ramin da muka faɗa.