Dillalai Biyu

Baba Gyang ya jera kwalabe biyu kan benci,
ruwan Agusta na dukan kwanon ɗakin gwaji.
Haɗin ɗaya ne: tsami da alkohol,
baƙi biyu da ko gaisuwa ba sa yi.
Ya ce, "Sai an sa dillali, kamar a Farin Gada."

A ta farko na ɗiga ruwan batir, ɗigo bakwai.
Ya ɓace nan take.
Babu lungun da bai shiga ba,
ya ja hannun wannan, ya cusa a na wancan,
kafin azahar ƙamshin ayaba ya cika ɗaki
har Hansatu ta ce yunwa take ji.

A ta biyu, ƙwayoyin rezin,
ƙanana kamar acca, launin zuma.
Suka kwanta a ƙasa abinsu.
Ƙarfinsu ɗaure yake a jikinsu;
mai son ciniki sai ya tako har rumfa,
ya miƙa, a musanya masa, ya wuce.
Na kaɗa, na duba agogo, na sake kaɗawa.
Na ƙara wuta. Baba ya rage.
"Ba sa jure zafi. Ƙona su za ki yi."

Da la'asar aka zo rabuwa.
Dillalin gaggawa ya ƙi fita daga kaya.
Mun wanke, mun zuba soda, kumfa ya tashi,
mun sake wankewa sau uku,
wani abu daga ribar ya bi ruwan datti,
ruwan da ya riga ya cinye bututun kwata.
Ƙwayoyin kuwa, takardar tata ɗaya:
haja ta wuce, su suka tsaya.
Baba ya ɗauraye su, ya mayar gwangwani
mai ɗauke da rubutun wata ɗaliba
da yanzu ɗanta ke aji uku.

Na tambaye shi wanne ya fi.
Ya ɗaga hannun farar rigarsa,
huda goma sha ɗaya, baki-baki a ƙone.
"Wancan arha ne, kuma ba ya jira.
Waɗannan tsada, kuma suna gajiya;
in sun gaji, da shi ake farfaɗo da su."

Na shiga Keke zuwa Nasarawa Gwom,
yatsuna na ƙamshin ayaba.
A gefen mayafina, sabuwar huda,
ban san lokacin da ta faru ba.