Shafin Alkyabba

Daren Laraba aka buga ƙofata,
Nomau ne, da adudu bisa kai nai.
Ya ce, “Arzika, jibi za a naɗa Labbo,
ga kayan gidan Ubandoma, ka duba.”

Na kwance igiya, ƙamshi ya tashi,
kanumfari da jimshi da tsohon gumi.
Shekara talatin da ɗaya tana ninke,
asu ya ci rabonsa bai tambaya ba.

Ya ci wuya, ya ci gindin tuntu,
ya bar mini huji kamar na rariya.
Duk Bunza kowa na cire takalmi gabanta,
shi asu bai san ranka-ya-daɗe ba.

Idona ya raunana, na ta da Kulu,
jikata, ta zura mini zare a kafar allura.
Ta riƙe fitila tana hamma,
ta ce, “Kaka, wanga tsumma shi ne alkyabba?”

Na ce ta yi shiru. Na juya shafi.
Can ƙarƙashin hammata ta hagun
ga wani ɗinki sirit, a karkace,
na san hannun ko ban ga mai shi ba.

Babana ne. Bahago ne shi,
ɗinkinsa kullum yamma yake kallo.
Nan ya toshe ɓaraka da zaren rumi
ran naɗin uban Labbo, tun ban yi gemu ba.

Gefensa akwai wani da ya girme shi,
zaren tsamiya, ya koɗe ya yi fari.
Maroƙa na jero masu gidan har bakwai,
kowa da kirarinsa, kowa da yaƙinsa,
ba su taɓa kiran mai wanga zare ba.

Alhamis da la'asar Labbo ya zo gwaji,
ya jingine babur a bakin zaure.
Malamin makaranta ne, siriri kamar kyauro,
bai ɗauko kafaɗun uban nai ba.

Na yafa mai. Ta zubo har ƙasa,
tana share zaure kamar tsintsiya.
Ya yi dariya, can dariyar ta tsaya,
ya ce, “Ashe haka take? Ban san nauyinta ba.

A rage ta mana.” Na ce, “Ba a sa mata almakashi.
Sai dai in kalmashe taƙi guda ciki,
wanda zai biyo ka, in dogo ne,
a warware masa, ba a yi asara ba.”

Bakina ya riga ni. Na sunkuyar da kai.
Ya daɗe yana shafa gezar da yatsa,
ya ce, “Kalmashe. Yi shi da sauƙin kwancewa.”
Daga nan ba mu ƙara magana ba.

Juma'a da aka sauko gari ya taru.
Nomau ya tsaya kansa da harsa kamu ashirin,
yana kewaya dara, yana ja, yana matsewa,
har amawali ya rufe bakin da muka saba.

Tambari ya amsa, mata suka rangaɗa guɗa,
jama'a na kallon zaren zinariya a ƙirji.
Ni ina can baya, gindin durumi,
idona kan kalmasa, kar ta saki ta zuba.

Ta riƙe.
Ya taka har ƙofar gida bai yi tuntuɓe ba.

Da dare Nomau ya kawo goro da lada,
wai fada ta yaba, ko gyara ba a gani.
Na ɓoye mai cewa hannuna ya yi rawa,
ɗinki bakwai na ƙarshe ban yi su ba.

Kulu ce. Ashe bahaguwa ce ita ma.
Sun karkace yamma, dab da na babana.
An mayar da ita adudu, an zuba kanumfari,
ran da za a sake buɗe ta, ba da ni ba.