Sharaɗin Shekara Biyu

Shekara arba'in da ɗaya ina feɗe kifi a Grimsby,
har yau ƙarni bai bar ƙarƙashin faratana ba.
Duk ranar albashi sai in gutsura
in jefa a asusun da haraji ba ya leƙawa,
tururuwa da ƙwayar hatsinta.
Na ɗauka na gama da gwamnati.

Sai ga yaron nan Pennock da takalmi mai sheƙi,
ya zauna a kujerar marigayi Wilf bai sani ba,
ya kurɓi shayi, ya ce:
"Misis Garside, asusun nan naki ne muddin kina numfashi.
Ranar da aka rufe miki ido
za a haɗa shi da gidan nan a ɗora a sikeli.
Abin da ya haura iyaka,
cikin kowane fam goma, huɗu na baitulmali ne."

Gidan da muka saya yana yoyo,
shi ne ya yi ƙiba ya jawo mini ido.

Ya ce akwai ƙofar baya, halal ce, ba tsallaken katanga ba:
a mai da kuɗin hannun jari
a ƙananan kamfanoni, waɗanda ba a jin sunansu a rediyo,
masu murɗa igiyar jirgin ruwa,
masu dafa abincin kyanwa,
wasu can da ke ƙera murfin famfo.
"Suna iya tashi, suna iya kifewa.
Sharaɗi ɗaya ne:
kada ki mutu kafin shekara biyu."

Na yi dariya har haƙoran roba suka motsa.

Likita ya yi shekara goma yana fama da ni kan taba,
bai ci nasara ba.
Mai karɓar haraji, ko fuskarsa ban sani ba,
ya raba ni da ita a dare ɗaya.
Na fara tattaki a bakin teku a Cleethorpes,
iska tana marina, ina ƙirga fitilun hanya.
Lorna tana gaya wa maƙwabta
wai don jikoki nake son tsawon rai.
Na bar ta. Taurin kai ne kawai.

A wata na tara takarda ta zo:
masu abincin kyanwa sun durƙushe,
ɗaya cikin biyar na guminka, Edna, ya bi ruwa.
Daga baya aka ce dokar ma an taɓa ta,
sassaucin ya ragu.
Na zauna a kicin da fensir:
na guji gara ne, ko gidan zago na faɗa?
Lissafin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Sai na hau bas zuwa wurin masu igiya.
Rumfar kwano, ma'aikata goma sha tara,
wata yarinya mai shuɗin gashi tana tsaye kan inji,
zare yana shiga siriri, yana fita kamar damtsen mutum.
Na auna rabona da ido:
ƙila marikin ƙofa, da kwan fitila biyu.
Ta miƙo mini rabin burodinta
ba ta san da mai kamfani take magana ba.
Na taɓa marikin ƙofar da zan fita.
Da ɗumi.

Jiya Talata wa'adin ya cika.
Pennock ya bugo waya, murya fal murna:
"Kin haye, Misis Garside!"
Na ce, na haye zuwa ina, ɗan nan?
Ya yi shiru, yana neman amsa a takardunsa.

Ni dai na shuka wake a bayan gida,
ba zai nuna ba sai Agusta.
Na kuma sayi sabon takalmin tattaki,
mai tsada,
irin wanda aka ce yana yin shekara biyar.