Kawu, Na Ajiye Makullin

Kawu Lawwali, ka yafe mini, na ajiye makullin.
Hawa na tara a titin Marina,
kujerar nan mai juyi da ka sha wuya ka samo mini,
wata huɗu ina kanta
ban san ta inda rana ke faɗuwa ba.
Tagar ba ta buɗuwa.
Ruwa na zuba a waje, ni ina leƙe
kamar tarwaɗa a cikin randa.

Yanzu ni ke riƙe wa Madam Morenike sandar awo
a fadamar Ibeju, can hanyar Epe.
Ta kafa na'urarta mai ƙafa uku, ta sa ido,
ta ɗaga hannu: hagu, hagu, tsaya nan!
Taɓo ya kai mini gwiwa,
matsattsaku na karya kumallo da jinina,
ni kuwa, wallahi, dariya nake.

Kada ka ce ɗan ƙanwarka ya zama lebura.
Turke ɗaya in na kafa a karkace,
wa da ƙane sai su shekara goma a kotu.
Da dare a ɗakina na Agege ina bitar lissafi,
bayan damina zan zauna jarrabawa.

Kuma ba ni kaɗai ba ne.
Da asuba a tashar Oshodi muna gane juna da ƙunar ƙeya.
Akwai Tasalla mai renon furanni a gefen titin Ikeja,
farcenta baƙi ƙirin da taki,
da kuɗin dashe ta kai 'yarta jami'a.
Ɗanliti kuma dogon ƙarfen sadarwa yake hawa,
igiya a ƙugu, zuciya a hannun Allah.
Ya ce daga can sama Legas shiru take,
ba ham, ba zagi,
sai shirwa da ke zuwa ta duba ko lafiya.

Ba zan ɓoye maka ba:
albashin bai kai na da ba.
Zazzaɓi ya kayar da ni sau biyu.
Rannan yaran masu ƙasa suka fito mana da adduna,
muka bar ruwan shanmu a wurin.

Amma jiya hadari ya taso daga teku,
na ji ƙamshinsa kafin in gan shi.
Muka fake a rumfar wata tsohuwa mai gasa masara,
ta gutsuro mini kwakwa, ba mu jin yaren juna.
Da aka ɗauke, ƙasa na tururi,
na yi la'asar a kan yashi
ba rufi tsakanina da sama.

Makullin yana hannun maigadi, Kawu.
In fushin ya huce, ka zo ran Asabar.
Ka sa takalmin da ba ka so.