Kafin Ki Danna

Dudu, ajiye wayar nan ki zo ki zauna,
Sirrin shagon Jekadafari yau zan nuna.
Rataya igiyar a wuyanki tukuna,
Kyamara in ta faɗi ba ta jin magana.
Ta Hammayo ta suɓuce a Tashar Dukku,
Wata bakwai yana zarya gun masu gyara.

Wannan gilashin gaban shi ne idonta,
Kar bakin mayafinki ya shafi fuskarta,
Ki hure ƙurar da roba, sannan ki goge ta
Da ƙyalle mai laushi na aljihun jakarta.
Yatsa mai man ƙuli ya taɓa kai ni ƙasa,
Hoto arba'in, kowa kamar a tururin tukunya.

Dogon gilashin da ke ba ki sha'awa,
Na saye shi ne don ƙuruciya da burgewa,
Ya ci kuɗin awaki biyu, ga nauyin ɗagawa.
Ɗan guntun nan mai lamba hamsin shi ke ciyarwa,
Yana shan haske ko magariba ta kawo jiki,
Ya fito da fuska, ya narkar da bango.
In kina son kusa, ƙafa gare ki, taka.

Filasha kuma ba makamin faɗa ba ce,
Kar ki watsa ta a ido, wannan mugunta ce,
Goshi ya yi maiƙo, ƙwayar ido ja ce,
Ga inuwa a bango kamar aljana ce.
Ɗaga kanta sama ta daki farin silin,
Ta sauko a hankali kamar yayyafi.
In silin shuɗi ne, kowa zai fito shuɗi,
Sai ki ɗaura mata farar takarda da roba.

Da tsakar rana ma kunna ta, kar ki yi dariya,
Rana a ka tana zuba duhu ƙasan gira,
Ɗan haske kaɗan ya isa ya tono ido.

Farar riga maƙaryaciya ce, ki kiyaye ta,
Kyamara na ganinta sai ta tsuke idonta,
Fuskar mai rigar ta nutse, ba ka gane ta.
Haka na yi wa Malam Buba Ardo na Kumo,
Rigar ta fito tas har da zaren aska,
Shi kuwa babu shi. Sati uku ya rasu.
'Ya'yansa sun zo neman fuskar ubansu,
Na miƙa musu riga.
Auna hasken a kan kumatu, Dudu.
Tufa ta ƙone in ta so.

Batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya a caji,
Wutar unguwar nan ba ta da alkawari.
Kati kuma kar ki goge shi don sauri,
Sai kin zuba a wuri biyu, kin gani da idonki.
Da damina ki sa jakar nesa da raɓa,
Fumfuna na cin gilashi, ba ya warkewa.

Manne gwiwar hannu a haƙarƙari,
Ja numfashi, saki rabi, tsaya.
Kar ki ce musu su yi murmushi,
Tambayi tsohuwa sunan jikanta, ki jira.

To, karɓi. Hannuna ya fara rawa,
Layukan cikin madubin sun daina tsayawa.
Shekara talatin da ɗaya ina bayan wannan aba,
Rabin Gombe na rataye a bangon shagona,
Ni kuwa ko ɗaya ban da shi sai na katin zaɓe.

Bari in gyara hula in zauna ta taga.
A'a, kashe filashar, hasken nan ya wadatar.
Cire murfin, yarinya.
Murfin!