Madubin Kabu-kabu

Modi bai kallon fuska.
Ƙanwatai Shafa ta ƙone da garwashi tana tsala ihu,
shi ko yana dariya, yana ƙirgar awakin maƙwabta.
Uwatai tac ce, "Wanga yaro, dutse aka sa mai a ƙirji?"
Nic ce a'a, karatu na da ba a biya mai ba.

Sai nis sayo tsohon madubin kabu-kabu
wurin Ɗan Ige mai gyara, bakin Kasuwar Kara,
da tsaga guda a gefe, kamar hanyar tururuwa.

Bayan la'asar, in ranar Sakkwato ta sassauta,
mu zauna gindin dogon yaro,
warin jima bai ko bar hannuna ba.
Idona yana yi mai nauyi,
amma ta cikin madubi yakan iya dubana.
In haɗe gira: wanga fushi na.
In saki leɓe ƙasa: baƙin ciki.
In zare ido kamar wanda kunama ta shiga wa riga,
ya ce, "Tsoro!" har kaji su watse.

Kunya ta ba mu wuya.
Wata guda muna kanta, ta ƙi zama,
sai ran da Inno tak kama shi da hannu cikin tukunyar nama.
Na miƙa mai madubin.
Yad duba, yas sunkuyar da kai, yac ce, "Ita ta?"

Daga nan kowa ya zama allo.
Mai albasa da aka taya wa buhu da arha,
direban da ke jiran fasinja guda tun hantsi,
jaririn da ke shirin kuka bai fara ba.

Ranar Laraba dillali ya maido min fatu goma sha biyu,
wai jansu bai kai ba.
Na tsaya a zaure, na gyara fuska,
na shiga da sallama da haƙora waje.

Modi ya ɗauko madubi, ya tsaya bayana.
Ya daɗe.
"Baba, bakinka murna,
goshinka layi ukku.
Wanne zan karanta?"

Nic ce, goshin.

Ya tafi randa, ya ɗebo ruwa a moɗa,
rabi ya zube kan hanya,
ya riƙe min gindinta har na shanye.